Babi na Shida: Madobiya da Faɗa-wuta

A shekarar 1990, a wani gangaren dutse mai kallon teku a yankin Argyll da ke yammacin Sikotlan, masana ƙwari sun ƙidaya abin da ya rage na wani ƙaramin faɗa-wuta mai jajayen ɗigo a fukafukai. Abin da suka samu bai wuce guda 20 ba, kuma a duk faɗin Birtaniya babu inda ake ganinsa sai wannan gangare. Da guguwa ɗaya ta taso a makon da yake tashi, da labarinsa ya ƙare a nan.

A wannan lokacin kuwa madobiya tana tsaye a dazuzzukanmu ba adadi, tun daga Senegal har Chadi da Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya. Manomi yana sare ta ya faɗaɗa gona, makiyayi yana sassabe rassanta ya ba shanu, kuma ba wanda ya taɓa kawowa a ransa cewa itaciya irin wannan za ta zama abin tausayi wata rana. Da an tara jama'a a lokacin an ce su faɗi wanda zai fara shiga uku tsakanin su biyun, ba mai ambaton madobiya.

Kafin a cika shekara talatin, lamarin ya juye. Faɗa-wutan ya farfaɗo har ya kai dubbai, madobiya kuma ta shiga jerin halittun da ake fargabar ƙarewarsu, aka wayi gari an dakatar da cinikinta tsakanin ƙasashe. Yadda aka yi haka ta faru ya kamata duk mai kishin dajinmu ya fahimce shi sarai, domin yawancinmu har yanzu muna auna lafiyar daji ne da abin da ido ya gani a bakin hanya.

Wanda ya fi kowa sanin madobiya shi ne makiyayi. Itaciya ce matsakaiciya, tsawonta yakan kai mita 12 zuwa 15, ɓawonta baƙi-baƙi mai kaushi da tsaga-tsaga, yana jure gobarar daji da ke cinye ƙananan itatuwa duk rani. Da hunturu takan zubar da ganye ta rufe kanta da fure ruwan ɗorawa, ka hango ta daga nesa a cikin busasshen daji. Bayan haka sai ta fitar da sabon ganye tun ruwa bai sauka ba, daidai lokacin da ciyawa ta ƙare, harawa ta yi tsada, shanu sun rame. Wannan ganyen ne yake tsallakar da garke daga bazara zuwa damina, kuma a Bamako har kasuwa ake kai shi ɗauri-ɗauri don masu kiwon tumaki a cikin gari. Idan aka sari jikinta tana fitar da jan ruwa mai kama da jini, wanda marina da masu maganin gargajiya suka daɗe da sanin amfaninsa. Masassaƙa suna son ta saboda ƙarfi da kyan launi, a Mali da Gini kuma da ita ake sassaƙa ganguna da itatuwan kiɗan balafon. Tana cikin dangin wake da gyaɗa, don haka saiwarta tana ƙara wa ƙasa ƙarfi. Masana tsirrai suna kiranta Pterocarpus erinaceus.

Duk wannan amfani da aka yi ɗaruruwan shekaru ana yi bai gama da ita ba, ko da yake ya rage ta a wurare. Abin da ya taɓa ta har ƙashi daga nesa ya taho.

A ƙasar Sin akwai tsohuwar al'adar kujeru da gadaje da akwatuna na jan katako mai nauyi, irin na fadar sarakunan daulolin Ming da Qing, waɗanda suke kira hongmu. Da arzikin ƙasar ya bunƙasa, miliyoyin sabbin masu hali suka so irin wannan kaya a ɗakunansu. A shekarar 2000 hukumomin Sin suka fitar da jerin itatuwa 33 da aka yarda a kira katakonsu hongmu, kuma madobiya tana ciki. Da farko ba a damu da ita sosai ba, domin ana samun waɗanda suka fi ta daraja a dazuzzukan kudu maso gabashin Asiya da Madagaska. Da waɗancan suka yi ƙaranci, doka kuma ta tsananta a kansu, sai 'yan kasuwa suka juyo Afirka ta Yamma. Suka bi ta ƙasa-ƙasa: Gambiya da yankin Kasamans na Senegal, Gini Bisau, Kwaddibuwa, Gana, Togo, Binin. Duk inda manyan itatuwa suka ƙare ko gwamnati ta hana, sai a tsallaka iyaka. Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da laifuka ya bayyana a rahotonsa na 2016 cewa tsakanin 2005 da 2014, jan katako irin wannan shi ne kashi 35 cikin 100 na darajar duk kayan daji da aka kama ana fasa-ƙwaurinsu a duniya, ya zarce hauren giwa.

Wajen 2013 abin ya iso Najeriya da ƙarfinsa. Aka fara daga Ekiti da Kogi, aka gangara Taraba da Adamawa. Masu harkar suna kiran katakon koso, a Taraba kuma Madrid. Garuruwa irin su Garba Chede a ƙaramar hukumar Bali suka zama matattarar gumagumai, tireloli suna lodi dare da rana zuwa tashar jiragen ruwa ta Legas. Matasa suka bar gona suka ɗauki injin yanka suka shiga daji, har saran ya kai bakin gandun dajin Gashaka-Gumti, mafi girma a ƙasar nan. Cikin 'yan shekaru Najeriya ta zama kan gaba a duniya wajen kai wa Sin wannan katako.

Ba na ganin adalci ne a ɗora wa waɗannan matasa laifin duka. Yaron da bai taɓa riƙe dubu hamsin tasa ta kansa ba, aka nuna masa itaciyar da ke bayan gonar ubansa aka ce kuɗi ce, da wuya a ce masa ya kau da kai. Abin baƙin cikin shi ne abin da ya shigo hannunsa bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da abin da dillali da mai kwantena suka kwasa, kuma shi ne wanda zai zauna a ƙauyen bayan tirela ta ƙarshe ta tafi.

To, ta yaya za a ce itaciyar da har yanzu akwai miliyoyinta tana cikin hatsarin ƙarewa? Mutane da yawa sukan yi wannan tambaya, wasu ma da fushi, suna ganin wani salo ne na hana talaka cin abinci. Amsar tana cikin yadda ake awon.

Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, wadda aka kafa a 1948 kuma hedikwatarta ke Suwizalan, tana da wani kundi da ta fara a 1964, ana kiransa Jan Kundi. A cikinsa ake sa kowace halitta a matakinta: wadda ba a damu da halinta ba, wadda ta kusa shiga hatsari, mai rauni, wadda ke cikin hatsari, wadda ke cikin matsanancin hatsari, wadda ta ƙare a daji sai a hannun mutane, da wadda ta ƙare ƙurmus. Akwai kuma matakai biyu na gefe, ɗaya na waɗanda bayanai a kansu ba su isa a yanke hukunci ba, ɗaya na waɗanda ba a ma duba su ba tukuna.

Hanyar shiga kundin ba ɗaya ba ce. Ana iya shiga ta ƙarancin adadi: idan manyan da ke iya haihuwa ba su kai 250 ba, halittar tana cikin hatsari, idan ba su kai 50 ba, hatsarin ya tsananta. Ana iya shiga ta ƙanƙantar wurin zama. Ana kuma iya shiga ta saurin raguwa, ko da adadin yana da yawa: idan halitta ta ragu, ko aka ga alamar za ta ragu, da rabi cikin shekara goma ko cikin zuriya uku, duk wanda ya fi tsawo, kuma abin da ke rage ta bai tsaya ba, to ta shiga matakin hatsari, idan raguwar ta kai kashi 80 cikin 100, ta shiga na matsananci. Ta ƙofar saurin raguwa madobiya ta shiga a 2018. Mai rumbu cike da gero wanda gindinsa ya huje ya fi kusa da yunwa a kan mai tiya ɗaya a rufaffiyar tukunya, ko da yake mai wucewa zai ga na farkon ne mai wadata.

Akwai kuma abin da ƙidayar itatuwa zalla ba ta nunawa. Masu saran ba kowace madobiya suke so ba. Miƙaƙƙiya suke nema, mai kauri, mai jan ciki, wato daidai itatuwan da suka fi ba da iri. Idan waɗannan suka tafi, abin da ke saura shi ne karkatattu da ƙanana da kututture. Gaskiya ne kututturen madobiya yakan yi toho, amma tohon yana fuskantar akuya da gobara da gatarin mai gawayi, ragowar manyan kuma makiyaya suna sassabe su tun ba su zubar da iri ba, tunda yanzu su kaɗai suka rage wa garke. Nan namu laifin yake, ba na baƙo ba. Daji yana iya zama kore shar a ido alhali ya daina haifar 'ya'ya.

Mu koma Sikotlan. Faɗa-wutan da muka fara da shi masana suna kiransa Zygaena viciae, kuma ya saɓa wa yawancin danginsa, domin da rana yake tashi, a watan Yuli, idan rana ta fito. Fukafukansa na gaba masu duhu ne da jajayen ɗigo biyar a kowanne, na baya kuma ja. Launin gargaɗi ne ga tsuntsaye, saboda jikinsa yana ɗauke da guba mai ɗaci. Tsutsarsa ba ta cin kowane ganye, sai wasu ƙananan tsirrai biyu na dangin wake da ke fitowa cikin ciyawa.

Da can an san shi a Birtaniya a dajin New Forest da ke kudancin Ingila, shi ya sa har yau da sunan wannan daji ake kiransa a can. Masu tara ƙwari don ado a akwatunan gilashi suka yi ta kama shi, yanayin dajin kuma ya canza, aka yi masa ganin ƙarshe a 1927. Shekara 36 ana ɗauka ya ƙare a ƙasar, sai a 1963 aka ci karo da shi a Argyll, ɗaruruwan kilomita daga inda aka san shi. Da aka bincika sai aka ga wani reshe ne na daban, wanda ya daɗe a keɓe a wannan gaɓar teku har ya bambanta da 'yan'uwansa, aka ba shi suna argyllensis. An ɓoye ainihin wurin don gudun abin da ya faru a New Forest, dokar kare namun daji ta 1981 kuma ta haramta kama shi ko sayar da shi.

Doka ta hana mutane, amma ba ta hana tumaki ba. Tumakin da ke kiwo a gangaren sun aske ciyawar har ƙasa, suka cinye tsirran da tsutsar ke ci, suka kuma kawar da dogayen ciyayin da take fakewa a ciki. Waɗanda suka tsira sun tsira ne a kan wani ɗan tsiririn dandamalin dutse da tunkiya ba ta iya hawa. Su ne guda 20 ɗin nan na 1990. A 1991 aka kewaye wurin da shinge. Ciyawa ta dawo, faɗa-wutan ya sauko daga dandamalin ya bazu, kuma a farkon shekarun 2000 ƙidaya ta nuna ya kusa dubu goma. Mark Young na Jami'ar Aberdeen yana cikin waɗanda suka daɗe suna bibiyarsa. A tsakiyar shekarun 2010 ƙasa ta zaizayo ta karya shingen, tumaki suka sake shiga, adadin ya faɗi warwas, sai ƙungiyar Butterfly Conservation da masu aikin sa-kai suka tashi aka gyara.

Ga wani abu da ke rikita mai karatu idan ya fara duba waɗannan kundaye. A lissafin Birtaniya, wannan faɗa-wuta yana cikin ƙwarin da aka fi jin tsoron rasawa. A lissafin duniya kuwa ba haka ba ne, domin danginsa suna nan birjik a Turai har zuwa cikin Asiya. Da na Argyll ya ƙare, da an yi asarar wani reshe da babu irinsa a ko'ina, amma jinsin da kansa yana nan. Madobiya kuwa babu wata ƙasa ta ajiya da za a je a ɗebo ta. Duk inda take fitowa a duniya, can ɗin ne masu saran suka bi. Saboda haka duk wanda ya ji an ce abu kaza yana cikin hatsari, ya kamata ya tambaya: a ina, kuma a lissafin wa? Amsar takan canza ma'anar maganar gaba ɗaya.

Me ya sa ashirin suka tsira, miliyoyi kuma suke zubewa? Abu na farko da ke bayyane shi ne irin abokin gabar. Tunkiya ba ta ba da cin hanci, ba ta canza hanya idan an tare ta, shinge ya ishe ta. Abokin gabar madobiya farashi ne, kuma farashi yana ƙaruwa ne idan abu ya yi ƙaranci, don haka kowace itaciya da aka sare tana ƙara jawo gatari kan wadda ta rage. A kan takarda, madobiya ta sami kariyar da faɗa-wutan bai taɓa samu ba. Akwai yarjejeniyar CITES ta 1973 mai kula da cinikin halittun daji tsakanin ƙasashe, wadda Najeriya tana cikin ƙasashen farko da suka amince da ita. Senegal ce ta fara neman a sa ido kan madobiya, kuma a taron Johannesburg na 2016 aka sa ta a rukuni na biyu na yarjejeniyar, abin da ya fara aiki ranar 2 ga Janairun 2017. Ma'anarsa, ba za a fitar da gungume ba sai da takardar izini, takardar kuma ba za ta fito ba sai masana na ƙasar sun tabbatar cewa saran ba zai cutar da jinsin ba. Amma a watan Nuwamban wannan shekarar, ƙungiyar bincike ta EIA ta fitar da rahoto tana zargin cewa gumagumai sama da miliyan 1.4 daga Najeriya, masu darajar dala miliyan 300, waɗanda aka tsare a tashoshin Sin don ba su da takarda, an sake su bayan an ba da dubban takardun izini a baya-baya. A ƙarshen 2018 CITES ta dakatar da cinikin madobiya daga Najeriya, a 2022 kuma dakatarwar ta game duk ƙasashe 16 da itaciyar ke fitowa. Gana ta sha sa dokar hani tana ɗagewa tun 2012, Gambiya ma ta hana fitar da katakon a 2022.

A Najeriya akwai ƙarin matsala ta tsari. Dazuzzuka galibi a hannun jihohi suke, takardar fitarwa kuma a hannun tarayya. Jiha tana karɓar haraji kan kowace tirela, malamin daji ɗaya yana kula da dajin da ba zai iya zagayawa a mako ba, ba babur ba mai, wanda zai sa hannu a takarda kuma yana Abuja bai taɓa ganin kututturen ba. Kowa yana da inda zai nuna da yatsa.

Sai kuma lokaci, wanda a ganina shi ne bambancin da ya fi ban tsoro. Faɗa-wuta yana kammala rayuwarsa cikin shekara ɗaya ko biyu, macen tana zuba ƙwai da yawa, don haka idan aka ɗauke masa abin da ke damunsa, shekara goma ta isa a ga sakamako. Wanda ya kafa shingen 1991 ya ga amfanin aikinsa da idonsa. Madobiyar da ta kai a yi gungume da ita ta ɗauki shekaru gommai tana girma, injin yanka kuma yana kayar da ita kafin a gama shan shayi. Ko da a yau aka daina sara baki ɗaya, wanda zai ga dajin Bali kamar yadda yake a 2010 jikan mai saran ne, shi ma idan an kare tohon daga wuta da dabbobi duk tsawon wannan lokaci. Ba gwamnan da zai ci zaɓe da irin wannan aiki, shi ya sa ba a yin sa.

Akwai abu ɗaya da ya rage, kuma shi ne ya sa na haɗa waɗannan halittu biyu a babi ɗaya. An ceci faɗa-wutan Argyll ne saboda akwai mutanen da suke hawa gangaren nan kowace shekara da littafi a hannu suna ƙidaya. Da ba su san ya koma 20 ba, da ba a kafa shinge ba. Da ba su ci gaba da zuwa ba, da ba a san shingen ya karye ba. Mu kuwa yawancin abin da aka sani game da yawan madobiyar da aka sare, daga lissafin kwastan na ƙasar Sin aka samo shi, wato mai saye ya fi mai kaya sanin abin da ya fita daga gidansa. Hausawa suna cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima, kuma gaskiya ne tsohon mafarauci ko makiyayi zai gaya maka daidai inda madobiya ta ƙare. Sai dai a teburin da ake yanke hukunci kan ciniki da doka, mudun ake tambaya.

Duk da haka madobiya ta ci sa'a a wani fanni, domin itace ce. A watan Oktoban 2024, a taron Cali na ƙasar Kolombiya, IUCN ta sanar da cewa an auna jinsunan itatuwa 47,282, aka tarar 16,425 daga cikinsu, wato sama da kashi ɗaya cikin uku, suna fuskantar barazanar ƙarewa. Adadin yana da tayar da hankali, amma yana nuna cewa an duba yawancin itatuwan duniya ɗaya bayan ɗaya. Itaciya tana tsaye wuri ɗaya, ana iya komawa a same ta baɗi. Ƙwari kuwa, cikin jinsuna kusan miliyan ɗaya da aka ba suna, waɗanda aka auna a Jan Kundi ba su kai kashi 2 cikin 100 ba. Faɗa-wuta kaɗai akwai jinsuna kimanin 160,000 da aka sani, kuma ƙalilan ne ƙwarai aka taɓa dubawa. Rashin ganin sunan ƙwaro a kundin ba shaidar lafiyarsa ba ce; galibi yana nufin ba wanda ya je ya duba.

Wani zai ce, ana fama da tsadar abinci da rashin tsaro, wa ke da lokacin ƙwaro? Na fahimci mai wannan magana, amma ina roƙonsa ya buɗe adakar kakansa ya duba babbar rigar da ke ƙasa.

Zaren tsamiya da aka yi wa manyan riguna aiki da shi, aska biyu da aska takwas na sarakuna da malamai da attajirai, daga faɗa-wuta yake fitowa. Tsutsotsin dangin Anaphe da Epanaphe suna rayuwa ne a taro, su ci ganye tare, sannan idan lokacin kwanciyarsu ya yi su haɗu su saƙa gida ɗaya babba, kowace da ɗakinta a ciki. Mutanen karkara su tattaro waɗannan gidaje daga daji su kawo kasuwa, a dafa su da ruwan toka har danƙon ya saki, a wanke, a shanya, mata su kaɗa da mazari kamar auduga. Masu sana'ar suna bambanta tsamiyar tsamiya da tsamiyar doka, gwargwadon itaciyar da tsutsar ta ci. Ɗaya daga cikin jinsunan, Epanaphe moloneyi, an sa masa sunan Alfred Moloney ne, gwamnan Legas na zamanin Turawa. Da irin wannan zare Yarbawa suke saƙa sanyan, mafi daraja a tufafinsu na gargajiya, Nupawan Bida ma sun yi suna a aikinsa. Kano da Zariya sun ci kasuwarsa ƙarni bayan ƙarni.

Wannan ƙwaro ba ya rayuwa sai da itatuwansa. Dajin doka da yake ci a cikinsa shi ne irin dajin da madobiya ke fitowa, kuma shi ne ake sarewa don noma da gawayi da katako, ana cinna masa wuta duk rani, ana fesa maganin ƙwari a gonakin da ke kewaye da shi. Hanyoyin da tireloli suka fasa don ɗauko madobiya, ta nan masu gawayi suke bi su shiga bayan an tafi. Zaren kanti mai sheƙi kuma ya karɓe kasuwa, don haka masu shiga daji neman gidan tsamiya, waɗanda su ne za su fara lura idan ya yi ƙaranci, su ma suna raguwa. Madobiya tana da mataki a Jan Kundi, tana da lamba a yarjejeniya, ana taro a kanta a manyan biranen duniya. Faɗa-wutan Argyll yana da shinge da masu ƙidaya. Ƙwaron da ya tufatar da sarakunanmu ba shi da mai hawa masa gangare duk shekara, kuma idan aka tambaye ni wanne cikin ukun ya fi ba ni tsoro, shi zan nuna.

Aikin da ake buƙata bai fi ƙarfinmu ba. Ƙidayar Argyll ba da na'ura mai tsada aka yi ta ba. Mutane ne suke bin layi ɗaya a rana mai haske suna rubuta abin da suka gani, shekara bayan shekara, ba fashi. Muna da Cibiyar Binciken Gandun Daji ta Najeriya a Ibadan, muna da sassan nazarin halittu da na gandun daji a jami'o'in Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri da Yola da Jalingo, kowace shekara ɗalibai suna neman abin da za su yi bincike a kai. Ga malaman da ke duba su, ina roƙon ku tura wasu daji. A zaɓi yanki ƙayyadadde, a ƙirga madobiya manya da ƙanana da kututture, a ƙirga gidajen tsamiya a kan doka, a zauna da tsofaffin masu kaɗi da masu ɗinki da makiyaya a rubuta abin da suka sani tun suna raye, sannan baɗi wani ɗalibin ya koma daidai wurin ya sake ƙirgawa. Dagatai da masu unguwanni kuma, waɗanda a gabansu ake cinikin daji, su ware manyan madobiyoyin da suka rage a ƙasarsu a matsayin na iri, a sanar a masallaci da kasuwa cewa ba a sare su, ba a sassabe su sai sun zubar da 'ya'ya.